Sanyin Yuli da lambun barandata a Agege

Wanda ya tashi a Kano, in aka ce masa sanyi, hunturu yake tunawa: hazo, kaushi, leɓe ya tsage, a kwana da garwashi a ɗaki. A Legas hunturu ba ya daɗewa. Yakan leƙo a ƙarshen Disamba ko cikin Janairu ya wuce, wata shekarar ma da ƙyar za ka san ya zo. Sanyin garin nan a tsakiyar damina yake sauka, daga Yuni zuwa Agusta, lokacin da hadari ke rufe sama kwana da kwanaki, iska mai laima ta yi ta busowa daga teku, shanya ta kwana a igiya ba ta bushe ba, takalmin da aka ajiye a lungu ya yi fumfuna. A waɗannan watannin ne 'yan shukokin da nake reno a baranda da bayan gidanmu a Agege suka fi ba ni aiki, kuma a lokacin ne muka fi bukatarsu.

Bukatar kuwa duk mai zuwa cefane ta san ta. Akasarin tumatir da tattasai da albasar da ake saukewa a kasuwar Mile 12 daga Arewa suke zuwa, tafiyar kusan kilomita 1000 a bayan mota, kuma yawancinsu noman rani ne. Babanmu, Allah Ya jiƙansa, ya yi noman tumatir a ƙasar Kura, a gonakin da ke shan ruwan madatsar Tiga wadda aka kammala a 1974. Tun ina ƙarama na san yadda shekarar tumatir take tafiya. Damina na ɗaukewa a zuba iri, sanyi na shigowa a yi dashe, daga Janairu zuwa Maris kwanduna su cika kasuwar Kwanar Gafan har a rasa mai saye, a yanka saura a shanya. Da zafin bazara ya kankama sai kaya su ja baya, ruwan farko ya sauka kuma shi ke nan, farashi ya kama hawa. A 2016 tsutsar nan da manoma ke kira sharon ta cinye gonaki a Kano da Kaduna da maƙwabtansu, har gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir. A tsakiyar 2024 babban kwando ya haura naira 100,000 a Mile 12. Ko ba tsutsa ba komai, a Yuni da Yuli mace za ta tsaya gaban mai kayan miya da kuɗinta a hannu, a ƙirga mata tumatir huɗu, biyu sun fara laushi.

To, abin da ke fara zuwa wa mutum a rai shi ne ya shuka nasa tumatirin. Ni kuwa duk wadda ta tambaye ni, ce mata nake ta bar tumatir tukuna, ba lokacinsa ba ne.

Sanyin da tumatir yake so shi ne na hunturun Arewa: rana ta fito fes da yini, dare ya yi sanyi sosai, iska a bushe, ganye a bushe, ruwa ta saiwa kawai yake shiga. Sanyin Legas akasin haka ne. Rana ce ta ɓuya, amma daren bai cika sauka ƙasa da digiri 22 ko 23 ba, kuma ganye a jiƙe yake kwana a jiƙe yake tashi. Dare mai ɗumi yana sa fure ya kakkaɓe kafin ya ƙulla ɗa, laimar kuma ita cututtukan ganye suke jira. Akwai wata cutar da ta fi kowace ban takaici. Za ki bar shuka lafiya lau, washegari ki tarar ta yi yaushi gaba ɗaya, ganyen shar da shi bai yi rawaya ba, ki ba ta ruwa ta ƙi miƙewa. In kina son ki tabbatar, yanke karan daga ƙasa ki tsoma bakinsa a kofin gilashi mai ruwa garai-garai, ki bar shi kada ki motsa. Jim kaɗan za ki ga wani farin abu siriri yana zubowa daga karan yana sauka a hankali cikin ruwan. Ƙwayoyin cuta ne suka toshe hanyar da ruwa ke bi. Ba ta da magani, kuma a cikin ƙasa take zama, don haka ƙasar wannan bokitin ba ta sake ganin tumatir ko barkono ko gauta, duk dangi ɗaya ne.

Wanda ya fi kowa wayar min da kai a kan noman garin nan wani dattijo ne mutumin Kabi, cikin 'yan uwanmu masu lambun latas da albasa mai lawashi a wajejen Idi-Araba. Na tsaya ina kallon lambunsa, na ce, “Baba, me ya sa kuke ɗaga ƙasa haka? A wajenmu fangali ake yi.”

Ya ce, “Hajiya, a gida fangali muke haƙawa ya yi zurfi don ya riƙe ruwa. A nan tudu muke yi don ruwan ya samu hanyar gudu. In kika yi fangali a garin nan, kwana ɗaya kifi ne zai shiga.”

Ruwan da ke sauka a Legas a shekara ya yi kusan ninki biyu na Kano, kuma Yuni ne ya fi kowane wata. Duk dabarar lambun gida a wannan lokaci a kan fitar da ruwa take. Ni ba ni da fili, bokitan fenti masu lita 20 nake amfani da su, da buhunan shinkafa, da tsofaffin jarkoki da aka yanka gida biyu. Bokiti ba a gindinsa kaɗai nake huda shi ba. Ina ɗora ƙusa a wuta in yi masa huji zagaye a gefe, kamar yatsa biyu daga ƙasa, saboda hujin gindi yakan toshe in bokitin ya zauna a kan siminti. Sannan in ɗora kowanne a kan bulo ko guntun katako. Faranti a ƙarƙashin tukunya kuwa sam, ruwan da zai kwanta a ciki gidan sauro ne, kuma a gidan haya ba ke kaɗai zai ciza ba. Haka nan baranda ba ta son lodi, buhun jiƙaƙƙiyar ƙasa nauyi gare shi sosai, manyan buhunan a ƙasa bayan gida nake ajiye su, da iznin mai gidan.

Baƙar ƙasar da masu sayar da furanni a bakin titi ke sayarwa tana da kyau, amma ita kaɗai takan dunƙule in ta sha ruwa. Ina haɗa ta da yashi mai tsakuwa-tsakuwa, da garin gawayin da ke taruwa a gindin buhu wajen masu gawayi, da taki. Takin dabbobi ba ya wuya a wajenmu, ga mahautar Oko-Oba nan kusa. Sai dai ɗanyen taki, musamman kashin kaji, ƙona saiwa yake yi. A buhu nake barin sa a inuwa har ya daina wari ya koma baƙi. In haɗin ya yi daidai, kamar dambu yake zama: ki damƙa ya dunƙule, ki taɓa shi da yatsa ya warwatse.

Abin da ke jin daɗin wannan lokacin shi ne ganye, kuma da ganye ake rufin asirin miya in tumatir ya yi tsada.

Alayyahu ne kan gaba. Irinsa ƙanana ne ƙwarai, sai na cakuɗa da busasshen yashi kafin in barbaɗa, don kada ya fito a cunkushe. Abin kula kawai shi ne ruwa mai ƙarfi yakan wanke irin ya tara shi gefe guda, ko ya kwantar da tsiron, don haka buhun a ƙarƙashin rufin baranda yake zama har tsiron ya yi ganye huɗu. Sati uku zuwa huɗu an fara ci. Ba na tumɓuke shi, yanka nake yi daga sama in bar gindin, ya sake tofowa. Yakuwa da rama su ma ba su da matsala. Yakuwa ganye kawai za ta yi ta yi a yanzu, ba ta fure sai yini ya fara gajarta wajen Oktoba, don haka mai son zoɓo ta yi haƙuri, mai son miyar taushe da fate kuwa kakarta ta yanke saƙa.

Lalo maƙwabciyata ce ta koya min shuka shi, wata dattijuwa Bayarabiya da ke ƙasan benenmu. Su ewedu suke ce masa, kuma kusan kullum sai an kaɗa shi a gidanta. Ta gan ni da irin a hannu, ta ce in hawo da shi kicin ɗinta. Ta ƙulle shi a ƙyalle, ta tsoma a ruwan zafi na ɗan daƙiƙoƙi, ta ciro ta tsoma a ruwan sanyi, ta baza a faranti ya sha iska. Na ce, “Iya, ba zai dahu ba?” Ta ce bawonsa tauri gare shi, in ba a yi masa haka ba sai ya yi ta kwanciya a ƙasa, wani ya fito yau wani sai wata mai zuwa. Wanda ta tsoma ɗin cikin 'yan kwanaki ya fito baki ɗaya. Ita ce kuma ta ba ni reshen shuwaka da na ɗaɗɗoya da na ganyen nan mai ruwa-ruwa da suke kira gbure. Duka ukun ba sa bukatar iri, reshe ake sokawa a ƙasa, kuma a wannan laimar da wuya ya ƙi kamawa. Ugu ma yana so, amma sai an yi masa abin hawa, kuma irinsa ba ya ajiyuwa, in ya bushe ya mutu, ana fasa ƙwaryar ake shukawa.

Zogale ne nake lallaɓawa. Ɗan Arewa ne, saiwarsa ba ta jure kwanciyar ruwa, shi ya sa yashinsa ya fi na kowa yawa kuma bokitinsa ya fi na kowa tudu. Albasa kuwa kada ki sa rai za ta yi kai irin ta Aliero. Gindin da kika yanke a kicin ki dasa, za ta ba ki lawashi, ya isa a yi wainar ƙwai da miyar ganye. Citta ce ta ba ni mamaki. Inuwa-inuwa da laima take so, irin yanayin Kachia da kewayenta, kuma lungun bayan gidanmu da ba abin da ke yi a cikinsa ita ta karɓe shi. Sai dai wata takwas zuwa tara take ɗauka.

Babban abokin gaba a wannan lokacin dodon-koɗi ne, shi da ɗan'uwansa marar ƙoƙo. Da rana ba ki ganin su, suna maƙale a ƙarƙashin leɓen bokiti da cikin ramukan bulo. Da safe sai ki ga layin yauƙi yana sheƙi a jikin buhu, tsiron alayyahun da ke wurin jiya kuma babu shi, sai ɗan kara. Toka tana hana su, amma da ruwa ya taɓa ta aikinta ya ƙare. Abin da ya fi min shi ne bayan sallar isha'i mu fita da tocila ni da yara, mu bi bokiti ɗaya bayan ɗaya muna tsincewa. Nakan kuma kifa ɓawon kankana ko ganyen kabeji a ƙasa da yamma, da asuba in ɗaga in tarar sun taru a ƙarƙashi. Ƙananan ƙwarin da ke manne wa bayan ganye kuwa, ganyen darbejiya nake dakawa in jiƙa ya kwana, in tace, in sa ɗan sabulu kaɗan in fesa da yamma. Abin da za mu ci nan da kwana kaɗan ba na yarda maganin ƙwari na kanti ya taɓa shi.

Yayata tana aure a arewacin Ingila, kuma ita ma jinin Baba bai bar ta ba, tana da ɗan fili a bayan gida. Nata sanyin daban ne. Bayan hunturunsu ya wuce, daga Maris zuwa Mayu, rana takan fito amma dare ya yi sanyin da raɓa ke daskarewa a kan ganye, kuma dare ɗaya irin wannan ya isa ya kashe tumatir da wake da kabewa. Ƙasa ma in ba ta ɗumama ba iri kwanciya yake ya ruɓe. Saboda haka a cikin ɗaki take zuba iri, a bakin taga, ba ta fitar da dashe sai ƙarshen Mayu, shi ma sai ta riƙa fitar da su da rana tana maido su da dare har su saba. A shekarar 2021 ta sha wuya, domin hukumar yanayin ƙasar ta ce an shekara 60 ba a ga Afrilu mai yawan daskarewa irin wannan ba. Abin da ke yi mata a irin wannan lokaci shi ne latas da kabeji da albasa, masu jure sanyi. Ta taɓa turo min hoton tsironta ta WhatsApp, dogaye, sirara, fari-fari, duk sun karkata wajen gilashi. Na ce, “Yaya, ai ga irinsu nan a barandata.” Ita sanyi ya tsare nata a ɗaki, ni hadari ya rufe wa nawa rana, amma ciwon ɗaya ne, ƙarancin haske. Maganin da muke yi ma ɗaya ne: a rage cunkoso, a rage ruwa, a riƙa juya tukunya, a kai su inda ya fi ko'ina haske.

Sanin inda ya fi haske a gida kuwa wani ɗan fure ne ya nuna min. Wannan mai kwanciya a ƙasa, mai ganye sirara masu ruwa, da ke buɗewa da hantsi ya rufe da yamma. Ba ya buɗewa sai ya ga rana. Na rarraba shi a ƙananan gwangwanaye a kusurwoyin baranda da bayan gida. Inda ya buɗe ko da a ranar da gari ya lumshe, nan na kai kuɓewa da barkono. Inda ya ƙi buɗewa, nan citta da na'ana'a da gbure suka koma.

Gwaggona da ta zo daga Kano ta daɗe tana kallon furannin nan, sannan ta ce, “'Yar nan, waɗannan kuma miyar me ake yi da su?” Na gane abin da take nufi. A gidan da muka taso, duk abin da aka ba ruwa sai ya zama mai shiga tukunya, ko lalle, ko inuwa, domin ruwan da wahala ake jawo shi. Amma ni ina ganin furanni suna da haƙƙin wurinsu a gidan Bahaushe, ko da ba su yi aikin komai ba. A wannan garin na hayaƙin mota da ƙarar janareto, in gari ya yi sati a murtuke, jan fure guda a baranda yana sauƙaƙa wa mutum zuciya, kuma ƙamshin yasmin bayan magariba ba turaren da ya kai shi. Sannan suna da aikin. Su ke jawo ƙudan zuma, su kuma ƙudan zuma su ke sa kabewa ta ƙulla. Kabewa furenta iri biyu ne, namiji mai dogon kara siriri, da mace mai 'yar ƙaramar kabewa a gindinta tun kafin ta buɗe. A ranakun da ruwa ya hana ƙudan zuma fita, 'yar kabewar sai ta yi rawaya ta faɗi. Da sassafe nake tsinko namijin, in cire masa ganyen furen, in goga garin nan mai ruwan ɗorawa a tsakiyar macen. Na nuna wa Gwaggo da hannunta ta yi, kuma kafin ta koma ta ga kabewar ta kai girman dunƙulen hannu. Na kuma nuna mata furen kuɓewa, wanda ta shekara da shekaru tana wucewa ta gefensa a gona: rawaya mai haske, tsakiyarsa ja wur har ya yi duhu, ya buɗe da safe ya yi yaushi kafin la'asar. Dangin furen yakuwa ne da na rama da na auduga, duk fasalinsu ɗaya.

Ba kowane fure ne ke son wannan lokacin ba. Mai ƙayar nan da ke hawa katangun Ikeja da Ikoyi, mai launin ja da shunayya, ganye kawai yake tarawa a damina, sai rani ya shigo yake yin ado. Marigol kuwa yana yi in tukunyarsa na zubar da ruwa, sai dai a riƙa tsinke furen da ya jiƙe ya fara ruɓewa kafin ya shafi saura.

A cikin Agusta ruwa yakan ɗan tsagaita, ko da yake garin yana nan a lumshe da sanyinsa, sannan ya dawo a Satumba da Oktoba. A wannan tsagaitawar nake gyara. In zazzage buhunan da alayyahunsu ya tsufa, in baza ƙasar ta sha iska, in ƙara mata taki. Ita zan bai wa tumatir, tunda alayyahu ba danginsa ba ne. Irin sai Oktoba zan zuba shi a ƙarƙashin rufi, in yi dashe a Nuwamba in ruwa ya janye, ya yi fure a ɗan hunturun da muke samu. Ƙananan nan masu tsami-tsami sun fi manyan jure garin nan, su nake nema. A lokacin kuma lissafin ya juya, ruwan da muke gudu yanzu saye za mu koma yi wajen 'yan ga-ruwa duk ranar da ba wutar da za a tayar da famfo, kuma tumatir mai 'ya'ya a bokiti safe da yamma yake sha. Shi ya sa bokiti shida kawai na ware masa, sauran na bar wa yakuwa da zogale, waɗanda ko an tsallake musu yini ba sa nunawa.